Ku Tambaya Mu Amsa: Manhajar Kanti Tana Bamu Wahala, Laifin Waye?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonni da yawa akan abu ɗaya suka zo, wato manhajojin manyan kantunan nan da ake odar cefane ta waya, wasu masu saye ne ke kuka wasu kuma masu kantin ne da kansu, sai na ga gara na haɗa su wuri ɗaya kowa ya ji na ɗan uwansa. Masu tambayar batir da zafin waya ku yi min haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kaimu.

TAMBAYA: Salam Malam, ni nake kula da kantin mahaifinmu anan Kano, reshe biyu ne damu. Bara muka kashe kuɗi ba kaɗan ba aka haɗa mana manhaja, mun yi talla a Facebook da rediyo mutane sun sauke sosai amma wallahi oda bata shigowa, kowa ya koma WhatsApp yana turo mana saƙon murya. Yanzu wanda ya haɗa mana yace sai mun ƙara kuɗi ya canza kala da tsari ya saka AI. Alhaji kuma yace ko sisi ba zai ƙara ba. Meye shawara?
Daga ɗan mai kanti, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka gaida Alhaji ka ce masa ina bayansa, kar a ƙara sisi tukuna. Ba wanda yake goge manhaja don kalarta bata masa ba, mutum yana gogewa ne don ya shiga da niyyar sayen suga da madara ya kasa, ko kuma ya iya amma da wahalar da gara ace yaro ya aika.

Abinda zaka fara yi baya cin kuɗi. Ka nemo mutum biyar cikin kwastomominku na gaske, ba abokanka masu iPhone ba, a'a, uwar gida ɗaya, magidanci, dattijo, ɗaliba, da yaron gida irin wanda ake aikowa cefane. Kowa da wayarsa da datarsa, ba taka ba, ka ce masa sayo min taliya katan ɗaya da man gyaɗa da sabulun wanki, sai ka ja bakinka ka yi shiru. Shirun nan shine aikin, don zaka ji kamar ka fizge wayar ka nuna masa inda zai danna, toh kar ka nuna. Duk inda ya tsaya yana lalube ka rubuta. Wani masanin harkar mai suna Jakob Nielsen tun 2000 ya rubuta cewa gwaji da mutum biyar kacal yana tono kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani, kuma har yau manyan kamfanoni suna aiki da wannan shawarar.

Ban ga manhajarku ba amma ko rantsuwa nayi ba zan yi kaffara ba, wajen rijista zasu fara maƙalewa. Mutum ko farashin Maggi bai gani ba an tare shi a ƙofa ana cewa kawo suna, kawo imel, kawo ranar haihuwa, ƙirƙiri kalmar sirri mai babban baƙi da ƙaramin baƙi da lamba. Imel fa! Mutanenmu da yawa mai shagon waya ne ya buɗe musu Gmail ranar da suka sayi wayar, ko kalmar sirrin basu riƙe ba. Ku bar mutum ya shiga ya zaga ya cika kwandonsa, sai ya zo biya sannan ku nemi lambar waya kawai a turo masa OTP, wato lambar tabbatarwar nan da ake amfani da ita sau ɗaya, kuma tunda duk mun san saƙon tes yakan yi nawa, a bashi zaɓin a turo ta WhatsApp ko a kira shi.

Sai wajen nema. Mutum zai rubuta omo yana nufin kowane irin garin sabulu, ya rubuta lipton yana nufin ganyen shayi, ya rubuta shinkafa ko taliya ko man gyada ba lanƙwasa, ita kuma manhaja tana jiran sunan Turanci daidai yadda yake a takardar dila sai ta ce masa babu, alhali kayan na nan jibge a sito. Ka ce wa mai haɗa muku ya fitar maka da jerin duk kalmomin da mutane suka nema aka ce musu babu, yana da shi, in kuma yace baya ajiyewa toh daga nan ma ka san irin aikin da aka yi muku. Duk sati ka zauna da jerin nan ka haɗa kowace kalma da kayanta. Aikin awa ɗaya ne amma ya fi AI ɗin da ake maka talla amfani a yanzu.

Ka kuma duba nauyinta. Yawancin masu shigowa kantinku Tecno da Itel da Infinix ne a hannunsu, wasu ma masu Android Go ɗin nan ne da ƙwaƙwalwarsu bata da yawa, wayar ta cika da bidiyon biki da karatu, duk ranar da ta ce wuri ya ƙare manhajar da ta fi nauyi kuma ba kullum ake buɗe ta ba ita ake fara sallama. Ga data ta ƙara tsada tun bayan da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Hoton gwangwanin tumatir baya buƙatar girman hoton amarya, a rage shi, kuma kwando ya zauna a wayar ko netwok ya ɗauke, ba mutum ya gama zaɓen kaya talatin sabis ya yi ƙasa ya dawo ya tarar wayam ba.

Kuɗin dilibari kuma ku faɗa tun farko. Cibiyar Baymard da ke bin diddigin sayayyar intanet ta daɗe tana nuna cewa kusan kashi 70 cikin 100 na kwandunan da ake cikawa ana watsar da su ba a biya ba, kuma babban dalilin da mutane ke bayarwa shine ƙarin kuɗin da ke ɓullowa a ƙarshe. Mu nan ma abin ya fi zafi, mutum ji yake an raina masa hankali.

Abu ɗaya da nake mamakin yadda ake mantawa da shi, cefane maimaici ne. Abinda gida ya saya watan jiya kusan shi zai saya wannan watan. Da zarar mutum ya buɗe, abu na farko da ya kamata ya gani shine maɓallin sake min na wancan karon, ya rage abu biyu ya ƙara ɗaya ya biya, ba hoton garaɓasa mai juyawa da ya cinye rabin allo ba.

WhatsApp kuma kar ku ɗauke ta kishiya. Ka tambayi kanka me mutane suke samu a can, suna magana da bakinsu ba sai sun rubuta ba, mutum mai rai yana amsa musu, ana ɗauko musu hoton ainihin kayan, ana ce musu Hajiya wannan ya ƙare amma ga wani. Ku saka maɓalli a cikin manhajar da zai buɗe hira da ku da jerin kwandon a ciki. In an gama duk wannan oda bata motsa ba sai ka dawo mu yi maganar kala.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Dan Allah meyasa manhajojin nan suke nuna kaya akwai alhalin babu? Ranar nan na yi odar madarar jariri irin wadda yarona ya saba da ita, na biya, can sai aka kirani wai ta ƙare, kafin na gama magana mai dilibari ya iso da wata daban wai ai duk ɗaya ne. Na ce a dawo min da kuɗina suka ce sun saka min a walat ɗin manhaja sai dai na sayi wani abu da shi. Haka ake yi fisabilillahi?
Daga wata uwar gida, Kaduna

AMSA: Hajiya ba haka ake yi ba, kuma kina da gaskiya ta ko'ina. Allah ya raya yaro.

Bari na faɗa miki abinda ke faruwa a bayan fage. Kantuna da yawa lissafi biyu suke da shi, akwai na kwamfutar kashiya wanda ke raguwa duk lokacin da aka sayi abu, akwai kuma na manhaja wanda wani ma'aikaci ne ke sabuntawa da hannu, wani wurin da dare wani wurin ma sai an tuna. Toh kinga gwangwanin ƙarshe wata ta ɗauka da safe ta biya ta tafi, manhaja bata da labari, ke kuma kin gani da rana kin biya. Ko inda aka haɗa lissafin biyu ma ana samun giɓi, wanda ya fashe, wanda ya lalace, wanda ya yi ƙafa, wanda ke cikin kwandon wani yana zagawa bai kai wajen biya ba. Shi yasa masu hankali basa jira sai lissafi ya kai sifili, in abu ya rage biyu ko uku sai su rubuta saura kaɗan ko su ɓoye shi gaba ɗaya. A ganina wannan shine ginshiƙin duk manhajar kanti, in abinda ke kan allo ba shine abinda ke kan kanta ba toh duk sauran kwalliyar banza ce.

Maganar canji kuma an daɗe da warware ta a wasu wuraren. Instacart ta Amurka, wadda aka kafa a 2012, tana ba mai saye zaɓi akan kowane kaya, in babu a ɗauko mafi kama da shi, ko ga takamaiman wanda nake so a madadinsa, ko a dawo min da kuɗina. Ba wani sihiri a ciki, tambaya ce guda ɗaya kafin a biya. Kuma akwai kayan da bai kamata a canza ba sai da izinin mai su, madarar jariri na sahun gaba, sai kayan masu ciwon suga, da kayan waje irin su alawa da biskit da mutum ya zaɓa don ya duba sinadaransu ya tabbatar halal ne.

Walat ɗin nan kuwa dabara ce ta riƙe kwastoma. In ke kika zaɓa ba laifi don ya fi sauri, amma tilastawa ba daidai bane. Dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mutum damar ƙin karɓar kayan da aka kawo masa in ba su ya yi oda ba a mayar masa da kuɗinsa. Ki rubuta musu a rubuce ba kira ba, ki haɗa da hoton odar da rasit, ki ce asusun banki kike so, in suka yi kunnen uwar shegu ki kai ƙorafi FCCPC, suna karɓa ta intanet. Yawanci da sun ga sunan hukumar a saƙo murya take canzawa.

TAMBAYA: Malam an cire min kuɗi sau biyu oda kuma bata shiga ba. Na danna biya abin yana ta juyawa, na sake dannawa, sai ga alat biyu. Kanti sun ce basu gani ba, banki sun ce ya fita. Ina zan dosa?
Daga wani ma'aikaci, Abuja

AMSA: Yallaɓai sannu, kuɗinka basu ɓata ba in sha Allah, a hanya suke. Idan ka danna biya saƙo yana tashi daga manhaja zuwa kamfanin karɓar kuɗi irin su Paystack ko Flutterwave, daga nan zuwa bankinka, banki ya cire, sannan amsa ta biyo hanyar nan ta dawo ta ce wa kanti an biya. Amsar dawowar ce ke ɓacewa in netwok ya yi tangal-tangal, shi yasa duka biyun gaskiya suke faɗa maka. Ka je bankinka ka shigar da ƙorafi a rubuce da lambar kowace cira, in taransifa ce ka basu doguwar lambar nan ta jikin rasit, kuma ka karɓi lambar ƙorafi kar ka tafi da baki kawai. Tun Yunin 2020 babban bankin ƙasa, wato CBN, ya ce matsalar biyan POS ko na intanet a warware ta cikin awa 72, in suka wuce kana da damar kai ƙara sashen kare kwastoma na CBN ɗin.

Amma ni manhajar nake ba laifi kafin kai. Duk mai haɗa manhaja ya san mutum zai sake dannawa in ya ga abu na juyawa ba bayani, don haka da an danna sau ɗaya maɓallin ya kamata ya mutu, a rubuta ƙarara muna jiran tabbaci daga banki kar ka sake biya, a riƙe masa kwandonsa, in amsa ta iso ko bayan minti goma ne odar ta shiga da kanta a turo masa saƙo. Sannan a daina sa kati a matsayin hanya ta farko, tun wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 mutane suka saba da taransifa, mai shayi ma OPay ko Moniepoint yake miƙo maka. Hanya mafi sauƙi ita ce manhaja ta bada lambar asusu ta wannan odar kaɗai, kuɗi na shiga ta gane da kanta, ba turo hoton rasit ba jiran manaja ya duba, kuma masu alat ɗin bogi sun rasa ƙofa. Wanda bai yarda ba tukuna a barshi ya biya da POS in kaya sun iso, bayan oda biyu uku da kansa zai fara biya tun farko.

TAMBAYA: Malam ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne, furojet ɗina na ƙarshe akan manhajar kanti ne. Ina so na yi irin na Amazon wanda zaka ɗauki kaya ka fita ba layi ba kashiya. Zai yiwu anan?
Daga wani ɗalibi, Zariya

AMSA: Ƙanena Allah ya bada sa'a, amma ka sauko ƙasa kaɗan. Amazon Go an buɗe wa jama'a ne a Seattle a Janairun 2018, rufin kantin cike da kyamarori, kantoci da na'urorin awo, kuɗin da aka narka ba na wasa bane. A 2024 Amazon da kanta ta cire tsarin daga manyan kantunanta na Amazon Fresh a Amurka ta koma kan keken sayayya mai sikanin, har rahotanni suka fito cewa akwai ma'aikata kusan dubu a Indiya da ke duba bidiyo, kodayake kamfanin yace aikinsu koyar da na'ura ne. In masu kuɗin duniya sun ja baya kai da kuɗin makaranta ina zaka?

Wanda ya fi kusa da mu shine irin na kantin Sam's Club na Amurka, tun 2016 mutum ke sikanin kaya da wayarsa ya biya a ciki ya nuna a ƙofa. Shi ma sai kowane kaya yana da bakod, zanen layi-layin nan na jikin kwali, kuma ka shiga kantunanmu ka ƙirga kayan da basu da shi, kilishi, dabino, yaji, zuma, garin kunu, shinkafar gida da aka ɗura a leda. Masu rijista da GS1 ta Najeriya, ƙungiyar da ke bada lambar bakod, lambarsu da 615 take farawa, amma ƙananan masu sana'a da yawa basu ma san da zancen ba, sai kanti ya buga nasa ya liƙa.

In ni ne kai ga abinda zan yi, ƙarami ne amma zai yi aiki ranar da aka gama shi, mutum yana cikin kanti ya haska bakod da kyamarar wayarsa ya ga ainihin farashin da kashiya zata caje shi, manhajar tana tara masa jimla yana zagawa. Ka san kunyar nan ta a zo wajen biya kuɗi su gaza mutum ya fara cewa cire wannan cire wancan layi na kallonsa? Ka kashe ta kenan. Kuma matsalar farashi biyu ba ƙarama bace, a Fabrairun 2024 FCCPC ta rufe wani babban kanti a Abuja na ɗan lokaci akan zargin farashin kan kanta daban na wajen biya daban, a lokacin da kaya ke tashi kusan kullum masu liƙa takarda basa iya bi. Ka nemi wani ƙaramin kanti a Samaru ko Sabon Gari su baka jerin kayansu ka gwada da mutanen gaske, malaminka zai fi ganin ƙimar wannan akan hoton abinda ba za a iya ginawa ba.

TAMBAYA: Mahaifina yana son ya dinga oda da kansa amma rubutun ƙanana ne kuma duk Turanci, kullum sai ya jira na dawo daga aiki. Akwai dabara?
Daga wata 'yar uwa, Sakkwato

AMSA: 'Yar uwa a gaida Baba. Ki shiga saitin wayar wajen allo ki ƙara girman rubutu, manhajar da aka gina da kyau zata bi, in kika ga rubutu ya hau kan juna ko maɓallin biya ya ɓace toh aikin ne ba a yi da kyau ba. Ki kuma nuna masa alamar makirfo a kan allon rubutu ko zai fi masa sauƙi. Masu kanti kuma ku ji, Google da kanta ta ce wurin dannawa kar ya gaza 48dp, kusan faɗin kan yatsa kenan, amma sai ka ga alamar ƙari da ta ragi ƙanana manne da juna dattijo yana son ɗaya ya sayi sha ɗaya. Hausa kuma a saka, amma a ba wanda ke cefane da Hausa ya fassara ba inji ba, kuma hoto ya fito sosai da girman kaya a jiki don da yawa da kalar gwangwani suke gane madararsu.

TAMBAYA: Oga ni mai dilibari ne. Matsalata adireshi, manhaja ta nuna min wuri na je ba nan bane, na ƙare katina a kira, wani gidan kuma na tsaya a ƙofa matar gidan ba zata fito ba babu yaro. Sai a ce ni na makara a rage min kuɗi.
Daga wani mai babur, Kano

AMSA: Sannu da ƙoƙari ɗan uwa, Allah ya tsare hanya. Laifin fom ɗin adireshin ne, an kwafo shi daga ƙasashen da kowane gida ke da lamba kowane layi ke da suna, har da wajen lambar gidan waya wadda kowa 700001 yake cikawa in a Kano yake. Mu kuwa da kwatance muke gane gida, bayan masallacin Juma'a, layin mai nika, gida mai jan get. Kamata ya yi mutum ya zaɓi unguwa daga jeri, ya rubuta kwatance ko ya yi da murya, sannan ranar da ka fara kai kaya kai da kake tsaye a ƙofar gidan ka danna ajiye wannan wurin, daga ranar duk wanda aka aiko ba sai ya kira ba. A kuma ƙara tambaya ɗaya, wa zai karɓa kuma meye lambarsa, don gidan da ba shiga kowa ya san sai an sami yaro ko mai gadi ko maigidan, wannan ba sabon abu bane a wurinmu amma ban cika ganin manhajar da ta tambaya ba. Haka lokaci, a bar mutum ya zaɓa, kar a sa maka oda ana shirin Juma'a, da azumi kuma kowa kafin magariba yake so sai a rufe karɓa da wuri maimakon a yi alƙawarin da babur goma ba zasu cika ba.

Masu son kwaikwayon alƙawarin minti kaza su duba yadda masu yi suke yi. Checkers Sixty60 ta Afirka ta Kudu, ta kamfanin Shoprite, ta fara a ƙarshen 2019 da alƙawarin minti 60, Hema ta Alibaba a Sin minti 30 amma ga wanda ke cikin kilomita 3 da kanti kawai. Daga reshe mafi kusa suke ɗauka kuma sun yanke iyaka. Kai kuma an aike ka daga Zoo Road zuwa Rijiyar Zaki da la'asar an ce minti talatin. Ka nuna wa manajanku wannan amsar.

TAMBAYA: Malam wani kanti sun ce sai na sauke manhajarsu zan sami ragi, na sauke, yanzu saƙo dare da rana har ƙarfe ɗayan dare, kuma tana neman izinin lambobin wayata da hotuna. Me zasu yi da su?
Daga wani magidanci, Jos

AMSA: Malam ragin nan ba kyauta bane, da bayananka kake biya, kuma tsohuwar sana'a ce. Tesco ta Ingila ta fito da katin Clubcard a 1995, wani kamfani mai suna dunnhumby ya dinga tace musu bayanan me kowa ke saye, har aka ruwaito shugaban Tesco na lokacin Ian MacLaurin yana cewa abin ya bashi tsoro, don a wata uku sun san kwastomominsa fiye da yadda ya sansu a shekara 30. Ni ban ga aibu ba in kanti ya san ina sayen Bournvita duk wata ya yi min ragi a kanta, ciniki ne kowa ya amfana. Amma lambobin wayarka da hotunanka ba ruwan cefane da su. Wurin da kake ana buƙata lokacin kawo kaya, kyamara in zaka haska bakod, shikenan, sauran ka hana, in ta ƙi aiki sai da su ka goge ta. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ce a karɓi iya abinda ake buƙata kuma a faɗi dalili, kana da damar ka ce a goge bayananka, hukumar NDPC ce ke sa ido.

Saƙon dare kuma ba sai ka goge manhajar ba, ka danne alamarta ka riƙe, ka shiga bayananta, wajen sanarwa zaka ga an kasa su gida-gida in masu ita sun yi aikin kirki, ka kashe na talla ka bar na oda. In kuma duk a haɗe suke ka kashe gaba ɗaya, ranar da ka yi oda mai dilibari zai kira ka ai. Daga Android 13 zuwa sama ma sai manhaja ta nemi izininka kafin ta fara turo sanarwa, don haka nan gaba in ta tambaya a ranar farko kar ka yi saurin danna eh.